Zaman Jajen Kawu Mainasara

Kawuna Mainasara mutum ne mai son jama'a har abin ya zame masa illa. Idan baƙo ya zauna kan tabarmarsa, ko me ke gabansa ba zai miƙe ba sai baƙon ya yi sallama. Zamanin muna jihar Sakkwato yana da babbar mota ɗaya, yana ɗauko albasa daga Shinkafi zuwa tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda, da ita yake ciyar da gidansa kaf. Amininsa Boniface, wakilin wani kamfanin inshora, shi ya matsa masa har ya yi wa motar cikakkiyar inshora, ya kuma nanata masa cewa in wani abu ya faru a sanar cikin kwana bakwai.

Wata damina motar ta zame a kwalbati kusa da Badarawa, ta kife, ta kama wuta. Kawu ya tsira da ƙujewar gwiwa kawai. Kafin la'asar ƙofar gida ta cika da 'yan jaje. Boniface ya tafi garinsu hutu a lokacin, amma ofishinsa a buɗe yake, tafiyar da ba ta kai shan kofin shayi ba.

Matarsa Balaraba ta tare shi a zaure. "Alhaji, ka tai ka gaya ma 'yan inshora mana."

"Haba Balaraba! Mutane sun taso tun daga Zurmi, in bar su zaune in tai biɗar diyya? Sai a ce mota ta hi su daraja. Gobe."

Gobe sai ga mutanen garin Banga. Jibi dillalan albasa. Kawu ya ba da labarin kifewar nan har mu yaran gida muka haddace, kullum kwalbatin yana ƙara zurfi. Abokansa na tasha kuma, don ƙauna, suka yi gayya suka jawo ƙonanniyar motar suka miƙa wa maƙera, wai kada ganinta ya riƙa tayar masa da hankali.

Ran kwana goma sha tara Boniface ya dawo, ya zo nasa jajen. Bayan gaisuwa ya ce, "Alhaji, wa aka turo ya duba motar?"

Kawu ya sosa ƙeya. "Ai kai nika jira, ban so in yi magana da baƙo."

"Ina motar take?"

"Maƙera sun yi garemani da ita."

Boniface ya cire tabarau ya riƙe kai. Sau biyu ya rubuta wa hedikwata yana roƙo, amsa ɗaya ce: wa'adi ya wuce, kuma babu abin dubawa. Ranar da ya kawo takardar ƙarshe sai Kawu ne ya koma lallashinsa. Na ji tausayinsu su biyun ƙwarai.

Kawu ya ƙare rayuwarsa yana tuƙa motar wani. Amma tun daga nan, duk inda ya je jaje, kafin ya ce Allah shi maida alheri sai ya kama hannun mai gida ya ce, "Tashi mu tai ohishin inshora, 'yan jajen ga za su jira ka dawo."

Darasin shi ne, idan asara ta same ka kuma kana da inshora, ka sanar da kamfanin nan take, kada kuma a taɓa abin da ya lalace kafin su gani. Masu ƙaunarka za su jira ka dawo, wa'adin takarda kuwa ba ya jira.