Minti Goman da Zulkifilu Ya Roƙa

Akwai wani injiniya a garin Upper Marlboro, can ƙasar waje, mai suna Muntaka. Mutum ne mai takardu, irin waɗanda in kana magana suke duba agogo. Ƙanensa Zulkifilu yana Hyattsville, kuma shekara shida ya yi yana haɗa wata tsohuwar a-kori-kura ƙirar Chevrolet ta 1953 a garejin bayan gidan da yake haya. Hot rod ake ce wa irinta a can: tsohon jiki, sabon inji, a yi ta gyara har ta tashi.

Muntaka bola yake kiranta. Ko a gaban baƙi.

Ranar wata Talata Zulkifilu ya faɗi a wurin aiki. Zuciya ce. Aka yi jana'iza, mutane suka yi ta kuka, Muntaka kuwa ko ɗigon hawaye. Ya karɓi gaisuwa, ya raba ruwa, ya koma ofis ranar Litinin. Abinci ma ci yake kawai, bai san ɗanɗanonsa ba.

Bayan takaba, matar marigayin, Zahra, ta kira shi.

"Yaya, ƙarshen wata zan tashi. Mai gida ya ce a kwashe komai na gareji."

"To."

"Motar fa? Babu ƙafafun baya. Lungun bayan gidan kuma ya yi wa motar janwe kaɗan. Sun ce in ba a turo ta waje ba, sai dai masu sayen tsohon ƙarfe su yanka ta da wuta. Yaya, kada a yanka masa mota."

"Zan duba," ya ce, kamar wanda aka aika sayen burodi.

Ya je ya tarar da aksil ɗin baya a ɗore kan katako, wato dogon ƙarfen nan da ƙafafun baya suke ɗaure a jikinsa, mai tulu a tsakiya. Yana buƙatar sabon boris da kayan birki kafin a mayar. Ɗan ƙarfen da ake buga lamba a kai babu shi, tsatsa ta cinye wurin.

Yana tsaye sai ga wani dattijo daga gidan maƙwabta. Baba Gafaru ke nan, mutumin Kumasi, tsohon makaniki, yanzu yana kai tsofaffi asibiti da mota.

"Injiniya, sannu da haƙuri. In duba maka ƙarfen? Na ɗan san shi."

"Na gode Baba, akwai komai a intanet."

Ko kallonsa bai yi ba. Dattijon ya ce Allah ya taimaka, ya juya.

To jama'a, ga inda ilimin takarda ya tsaya. Muntaka ya rubuta sunan mota da shekararta, ya yi odar kaya. Suka zo, ba su shiga ba. Ya ce kuskuren shago ne, ya sake oda daga wani wuri. Suka zo, nan ma ko kusa. Bai yi fushi ba, bai yi tsaki ba. Zama ya yi kan bokiti yana kallon ƙarfen, kwana huɗu ya rage.

Sai ya tashi ya ƙwanƙwasa ƙofar da ya raina.

Baba Gafaru bai ce masa komai a kan rannan ba. Ya zo da sifana ɗaya da ma'auni, ya durƙusa da ƙyar, ya shafa bayan tulun.

"Ka ga nan babu murfi? A shafe yake. Ta gaba ake zaro kayan cikinsa." Ya nuna notuna biyu na can ƙasa. "Gwada soket ɗin kwance noti a nan."

Muntaka ya gwada. Bai shiga ba.

"Sai sifana. To wannan ba na Chevrolet ba ne, na Ford ne, wanda ake ce wa inci tara. Masu irin wannan mota ba sa bin takarda, Injiniya. Jiki daga nan, inji daga can, aksil daga wata uwa duniya. Ƙarfen ake tambaya, ba sunan motar ba."

Ya auna bakin ƙarfen, ya rubuta girman boris a bayan kwali. Aikin da ya ci wa Muntaka sati biyu, wallahi ko kwata na awa bai kai ba.

"Saura abu ɗaya," in ji dattijon. "Lissafin giyar ciki. Kai riƙe wancan gefen, kada ya motsa. Ni zan juya wannan sau biyu, mu ƙirga sau nawa hancin tsakiya zai zagaya. Sai an yi alama da alli."

Muntaka ya sunkuya neman inda za a yi alamar. Ashe an riga an yi. Farin layi ɗaya a hancin, ɗaya a gefe, ya ɗan dusashe.

"Wa ya yi wannan?"

"Ɗan'uwanka. Tun kafin azumi."

"Me ya hana shi gamawa?"

Baba Gafaru ya ajiye sifanar.

"Aikin mutum biyu ne. Na ce in riƙe masa, ya ƙi. Ya ce wannan na Yaya ne. Wai so yake ka taɓa motar da hannunka ko sau ɗaya, ko ka daina ce mata bola."

Muntaka ya zaro waya ya shiga saƙonninsu. Bai yi nisa ba ya gani. "Yaya, in ka samu sarari ka zo ka riƙe min abu. Minti goma kacal." A ƙasa ga amsarsa: "Ina da meeting." Bayan sati uku an sake turo saƙon. Wannan ko amsawa bai yi ba.

Ya mayar da wayar aljihu. Ya durƙusa da wandon ofis a kan baƙin mai, ya riƙe gefen da hannu biyu.

"Juya, Baba."

Dattijon ya juya a hankali. Layin alli ya wuce sau ɗaya. Biyu. Uku. Ya tsaya a rabi.

"Uku da rabi. Shi ke nan, ka iya saki."

Muntaka bai saki ba.

"Minti nawa muka ɗauka?" ya tambaya.

Baba Gafaru ya duba agogo. "Minti huɗu."

Nan ne fa kukan da bai zo ba wata biyar ya zo gaba ɗaya. Babban mutum, goshinsa a kan tsatsa, yana kiran sunan ƙanensa. Dattijon ya bar shi, ya fita ya ja ƙofar.

Ranar Asabar kaya suka shiga daidai. Su uku suka turo motar ta lungun, Zahra tana riƙe da sitiyari. Yanzu tana garejin Muntaka, motarsa ta ofis kuwa a waje take kwana. Allin nan har yau bai goge shi ba.

Darasi: Kada ka raina abin da ɗan'uwanka yake so, kuma kada ka raina wanda ya ce ya ɗan sani. In naka ya roƙe ka minti goma, ba aikin yake so ba, kai yake so. Ka je tun yana nan. Ku tura wa duk wanda kuka san akwai saƙon ɗan'uwansa a waya da bai amsa ba har yanzu.