Ma'ajiyar da ta ƙi sa hannu kan kwalaye arba'in

Akwai wata mata, ma'ajiyar kaya a wata jami'ar gwamnati, da abokan aiki suka laƙaba wa suna Sai-na-gani. Ko biro aka kawo sito, ba ta sa hannu sai ta buɗe ta ƙirga. Shekara ashirin da takwas tana wannan aiki, saura biyu ta yi ritaya.

Wata shekara gwamnati ta ba jami'ar kuɗin sayen na'urorin duba ƙwayoyin cuta guda arba'in, don ɗaliban likitanci. Ranar da ɗan kwangila ya sauke kwalaye arba'in a bakin sito, Daraktan Sayayya da kansa ya zo da takardar karɓar kaya, yana ta fara'a.

"Hajiya, sa mana hannu, mutumin nan sauri yake."

"Yallaɓai, ai ba a cinikin biri a sama," ta ce, ta ɗauko reza.

Kwali tara na farko lafiya lau. Na goma kuwa tsohuwar na'ura ce da aka shafa wa fenti, ko madubi babu. Sauran talatin duk haka.

Darakta ya ja ta gefe ya sassauta murya. "Masu kyan suna hanya. Ki rubuta arba'in, ba za a manta da ke ba."

Amma ta ɗauki biro ta rubuta: "Na karɓi tara masu aiki." Ta sa hannu da kwanan wata, ta cire kofinta ta ninke ta sa a jaka.

Kafin mako ya zagayo, an mayar da ita wani tsohon sito a bayan filin ƙwallo, inda ake jibge karyayyun kujeru. Aka sa mataimakinta ya rubuta sabuwar takarda mai arba'in. Waɗanda suke cin abinci tare da ita suka riƙa sauya hanya idan sun hango ta. Har raɗe-raɗi aka fara cewa fanshonta zai yi wuyar fitowa.

Ranar da abin ya ishe ta, ta zauna a tsakar gida ta yi kuka. Mijinta tela ne, yana kan keke. Ya dakatar da ɗinki ya dube ta.

"Maman yara, da wannan taurin kan na aure ki, yanzu kuma sai ki sauke shi da tsufa? In sun hana fansho, keken nan bai mutu ba."

Ta yi dariya da hawaye a fuska. Washegari ta koma cikin kujerunta.

Wata bakwai tana can. A ɗakin gwaji kuwa ɗalibai goma sha biyar ke layi a kan na'ura ɗaya, wasu har a tashi darasi ba su leƙa ba. Da suka gaji, suka rubuta koke ga majalisar gudanarwar jami'a.

Shugabar majalisar tsohuwar alƙaliya ce, ba ta son dogon turanci. Ta kira taro, Darakta ya shimfiɗa takardu yana bayani tiryan-tiryan. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce a kira wanda ya karɓi kayan.

Mataimakin nan nata ya shigo. "Ranki ya daɗe, ni an ce in sa hannu ne. Wadda ta buɗe kwalayen tana bayan filin ƙwallo."

Aka aika mota ta ɗauko ta, da ƙura a mayafinta. Ba ta zagi kowa ba. Ta buɗe jaka ta ajiye kofin takardar a kan tebur.

Alƙaliya ta karanta, ta miƙe. "Ku taso mu je mu ƙirga."

Duk majalisar ta bi ta a ƙafa har ɗakin gwaji, ɗalibai na biye. Aka ƙirga na'urori masu aiki da ƙarfi, lissafi ya tsaya a tara.

A ranar aka dakatar da Darakta, aka miƙa shi da ɗan kwangilar ga masu bincike. Cikin wata biyu na'urori talatin da ɗaya sababbi fil suka iso. Majalisa ta kafa doka: duk abin da jami'a ta saya, a liƙa farashinsa da adadinsa a allon sanarwa, kuma ba a buɗe kwali sai da wakilin malamai da na ɗalibai.

Aka mayar da Sai-na-gani ofishinta da ƙarin girma. Ran da aka jera na'urorin, ɗalibai suka tsaya a bakin ƙofa suna yi mata tafi. Wata ɗaliba ta kamo hannunta ta zaunar da ita gaban guda ɗaya.

"Mama, ke za ki fara leƙawa."

Ta kanga ido ta daɗe tana kallo. Da ta ɗago ta ce, "To, ku zauna ku yi karatu. Marasa lafiya na jiran ku."

Darasi: Kuɗin jami'a gumin talakawa ne, kuma sa hannunka shaida ce da za a tambaye ka a kanta. Kada ka shaidi abin da idonka bai gani ba, ko da za a mayar da kai saniyar ware. Ku tura wa duk wanda aka damƙa wa amanar jama'a.