Inda Inna Tela Ta Ajiye Ruwanta

Akwai wata mata da ake ce wa Inna Tela, irin matan nan da in suka ce a'a, ko mutum goma ka ɗebo su roƙe ta, a'ar nan ce dai za ka koma da ita. Mijinta mai gyaran agogo ne. Ya fi shekara talatin yana sunkuye a kan tebur da ɗan gilashi a ido, har ciwon sukari ya zo ya tafi da ganinsa.

Tun daga nan Mai Agogo ya shige ɗaki ya ƙi fitowa. Duk wanda ya miƙo hannu zai jagorance shi, sai ya fizge. Likita kuwa ya faɗa wa Inna Tela ƙiri-ƙiri cewa in bai riƙa takawa ba, ƙafafun nan da suka fara kumbura za su kwantar da shi, kuma tashin zai yi wuya. Maganar ta tsaya mata a rai, tsoro ya kama ta sosai.

Wata safiya ta tara bokiti a famfon tsakar gida, ta hau keken ɗinki ta manta da shi. Can sai ta ji ruwan ya ɗauke. Ta leƙa, ga mutumin nata tsaye a bakin famfo shi kaɗai, ya kashe.

"Malam, wa ya kawo ka nan?"

"Ruwan ya kawo ni. Tun daga ɗaki nake jin bokiti ya cika yana zuba, ke kina can kina ɗinke duniya."

A ranar ta kira babban ɗansu, wanda kowa ke ce wa Injiniya, ta ce ya samo mata ɗan ƙaramin famfon ado, irin wanda ruwa ke zuba a kwano yana komawa. Ta ce can cikin tsakar gida take so a sa shi, kusa da bencin babansa, don ya riƙa bin ƙarar yana fita da kansa.

To, kun san yaran yanzu in aljihu ya yi nauyi. Bayan kwana biyar sai ga babbar mota a ƙofar gida, da wani abu mai hawa uku, ga fitilu ja da kore, ga kan zaki yana tofar da ruwa. Injiniya ya sa aka sauke shi a gaban gida, tsakanin get da wurin ajiye mota.

"Wannan na wane ne?" in ji Inna Tela.

"Naku ne mana, Umma. Duk wanda ya shigo shi zai fara gani."

"Shi wanda na ce ka sayo dominsa, da wane idon zai gani?"

"Ai ƙarar wannan ta fi ta ƙaramin sau goma. Umma, ki bar mana aikinmu, wannan ba ɗinki ba ne."

Ta haɗiye maganar, amma fa ba ta manta ba. Mai gyaran famfo da aka ɗauko ya ɗan yi gyaran murya ya ce wurin ya matse tsakanin katanga biyu, ƙarar za ta riƙa dawowa. Injiniya ya ce masa aiki aka kira shi ya yi, ba lacca ba. Mutumin ya ja bakinsa ya haɗa bututu.

Aka kunna. Ruwa ya riƙa ruri kamar ana wanke mota goma. Inna Tela ta lallaɓa mijinta har ya yarda zai gwada. Ya fito ƙofa ya tsaya, ya juya kai dama, ya juya hagu. Ƙarar tana dukan katanga da ƙarfen get tana dawowa ta ko'ina. Ya zaɓi gefe ɗaya ya taka, sai gwiwarsa ta haɗu da bayan motar ɗansa, ya durƙushe a gaban ma'aikata.

Ya miƙe da kansa. Ya lalubi bango ya koma ɗaki, kuma kwana tara bai ƙara leƙo ƙofa ba.

A rana ta goma Inna Tela ta kashe zakin, ta kira mai gyaran famfon.

"Ciro min ɗan injin da ke cikinsa."

"Inna, in Injiniya ya ji fa?"

"Ni na haife shi ko kai? Ciro."

Ta ɗauko tsohon baho da wani tulu da ta daɗe da ajiyewa, ta zuba tsakuwa a ƙasan bahon. Mai famfo ya haɗa injin da tulun a cikin bahon, ya rage ƙarfinsa har ruwan ya koma zuba siriri daga bakin tulun. Da ta ce a sa a gindin bishiya, ya ce ganye zai toshe injin cikin mako guda, ta ce ya yi gaskiya. Saura inda za a ajiye.

Nan ne ta yi abin da ya sa maƙwabciyarta ta kusa faɗowa daga kan turmin da ta taka tana leƙe ta katanga. Ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure idonta tamau, ta tsaya a ƙofar ɗakin mijinta, ta bi ƙarar. Ta sarƙe da igiyar shanya, ta sa aka kwance igiyar. Ta yi karo da bango, ta sa aka janye bahon daga jikin bangon. Ta taka laka inda ruwan ke fantsama, ta sa aka matsar da bencin.

"Inna Tela, lafiya kuwa? Ko in kira yara?" in ji maƙwabciyar.

"Ki kira su su taya ki kallo. Aiki nake yi."

Sau bakwai ana ɗaga bahon nan ana saukewa. A na takwas ta taka daga ƙofa har benci ba ta taɓa komai ba. Tana kwance ɗankwalin sai ta ga Injiniya tsaye, ya shigo ya tarar da zakinsa a bushe.

"Umma, kin san nawa na kashe a kan abin can? Kika lalata shi saboda baho?"

Ta miƙa masa ɗankwalin. "Ungo, ɗaure idonka. In ka je wurin zakinka daga ƙofar can ba ka fasa gwiwa ba, da hannuna zan mayar da injin."

Ya dubi ɗankwalin, ya dubi ƙofar, ya kasa karɓa. Kunya ta rufe shi.

Suna nan tsaye sai labule ya motsa. Mai Agogo ne, ya tsaya a bakin ƙofa, kansa a karkace yana saurare. Ya ɗaga ƙafa ya taka. Injiniya ya yunƙura zai tare shi, uwar ta damƙe masa hannu, damƙar da sai da ya ji ta a ƙashi.

"Ko ya faɗi, ka bar shi," ta ce a hankali.

Tsohon ya taho a sannu, ba sanda, ba bango. Ya kai hannu ya taɓa bakin tulun, ruwan ya bi yatsunsa, ya juya ya zauna a kan bencinsa. Ya daɗe yana murza yatsun da suka jiƙe.

"Wa ke tsaye a nan yana jan hanci?" in ji shi.

"Ni ne, Baba."

"To, ka tare min iska. Zo ka zauna, akwai wuri."

Darasi: In za ka yi wa mutum alheri, ka fara tsayawa a inda yake tsaye ka ji abin da yake ji, kada ka auna kyautar da idon masu wucewa. Kuma in ka tabbata abin da kake yi shi ne zai taimaki naka, kada tsadar abu ko dariyar mutane ta sa ka ja da baya. Ku tura wa duk wanda ke jinyar iyaye ko miji ko mata, wataƙila yau yake buƙatar jin wannan.