Jinin da ƙaho bai kai gare shi ba

Akwai wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, a Djougou, sunansa Saley. Doya yake ɗaukowa daga Kolokondé ya kai tashar da ake kira Gare a Parakou. Abin alfaharinsa ɗaya ne: shekara hamsin da biyu, allurar asibiti ba ta taɓa shiga jikinsa ba. In jiki ya yi nauyi, sai ya je wurin tsohon wanzaminsa Ɗanbala a yi masa ƙaho.

Wata Talata da safe, an gama lodi ke nan, ya ji kamar an ɗora masa buhun masara a ƙirji. Gumi mai sanyi ya jiƙe rigarsa, ciwon ya gangara hannun hagu. Ya wuce zauren Ɗanbala, ya tuɓe riga.

Tsohon ya dube shi ya daɗe, sannan ya mayar da ƙahonsa cikin zabira.

"Saley, mayar da rigarka. Wannan ba na ƙaho ba ne. Ka tafi asibiti yanzu."

"Baba, mataccen jini ne kawai. Zuƙe min shi in kama hanya."

"Na ga irin wannan gumin sau biyu. Dukansu biyu na raka su maƙabarta."

Saley ya yi dariya. "Ka ce dai bakinka ya tsufa, ba ya iya zuƙa."

Ya tsallaka bakin kasuwa wurin wani wanzamin, wanda bai tambayi komai ba. Ƙaho shida aka kafa masa a baya. Da aka juye a ƙoƙo, ga gudajin jini baƙi ƙirin.

"Ka ga abin da ya tokare ka," in ji wanzamin.

Saley ya buga wa matarsa Mariatou waya. "Ki gaya wa tsohon nan an fitar da shi, na gani da idona."

Ya ja kamiyo har Parakou da hannu ɗaya, ɗayan a ƙirji. Bayan la'asar, ana sauke doya, ya zame jikin taya ya zauna. Masu dako suka ɗauke shi.

A asibiti lokotoro ya duba takardar bugun zuciya, ya tambayi lokacin da ciwon ya fara.

"Da safe. Amma an riga an cire gudan jinin."

"Wanda ka gani a ƙoƙo jinin fata ne da ya daskare bayan ya fito, Malam Saley. Naka yana cikin jijiyar da ke ba zuciya jini, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ana zura siririn bututu ta wuyan hannu har can, a janyo shi ko a buɗe hanyar. Ba mu da kayan a nan, sai babban asibiti a kudu. Da ka zo da safe, da muna da lokaci."

Aka sa shi a motar asibiti. Ba su kai garin Tchaourou ba direban motar asibitin ya kashe jiniya, Saley ya cika.

Washegari a Djougou, Ɗanbala yana cikin masu wanka. Da aka juya gawar, ga shaidar ƙaho shida, tsagar ko ɓawo ba ta yi ba. Ya zuba ruwa a kansu a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Darasi: Wanda ya ce maka "wannan ya fi ƙarfina" ya fi ƙaunarka da wanda ya nuna maka abin da kake son gani. Nauyin ƙirji da gumi mai sanyi ba sa jira a sauke kaya. A tafi asibiti a lokacin. Ku tura wa direbobinmu da iyayenmu, tun suna iya karantawa.