Bargon Aro

Akwai wata mata a unguwar Abu Hail ta Dubai, sunanta Mahfuza. Mijinta Izzuddeen injiniya ne, kullum yana wajen aiki. Ita kuwa ta iya gida, ta iya ado, ta kuma iya lissafin abin da mutane za su ce.

Ita ce auta a ɗakinsu. Da ciwon gwiwa ya matsa wa mahaifiyarta, Inna Sauda, sai ta sa aka kawo ta daga Giwa don ta ga likita, a kan cewa in hutun Disamba ya zo za su koma gida tare. Ranar da tsohuwar ta sauka, babu wanda bai ga hotonta a waya ba.

Nuwamba ta zo ƙarshe, iskar gari ta sauya. Maƙwabta suka kashe AC suka buɗe tagogi, da yamma kowa ya ja 'ya'yansa zuwa bakin ruwa. Gidan Mahfuza kuwa falo ya cika da kwalayen tsaraba: dabino, abaya, takalma, cakulan, da barguna masu laushi na dangin miji. Saboda cakulan ɗin nan AC bai taɓa hutawa ba, kada ya narke. Ga shi iskar a kan gadon Inna take sauka, abin rufarta kuma siriri ne kamar mayafi.

Wata safiya Inna ta ce, "Auta, ƙasusuwana ciwo suke. Abin nan na sama hura ni yake kamar na kwana a fadama."

Mahfuza ta yi dariya tana naɗe kwali. "Inna ke nan. Sanyi a Dubai? Turawa jirgi suke hawa su zo shan wannan iskar."

"Turawan suna da tsoka. Ni fata ce da ƙashi. Ara min ɗaya cikin bargunan can."

"An riga an ɗaure kwalin, an auna, an rubuta suna. In na farke sai an sake komai. Ki ƙara zani, ai mun kusa tafiya."

Inna ta ce to. Ba ta sake tambaya ba. Irin tsofaffin nan ne da in sun roƙi abu sau ɗaya a gidan suruki, sun gama.

A ƙofar da ke kallon tasu akwai Safi, 'yar Maraɗi, mai yi wa mata kitso. Takan leƙo ta gaida Inna, su taɓa hirar gero da damina. Ran nan ta kama hannun tsohuwar ta ji shi kamar an ciro daga firij. Ta koma ɗakinta ta ɗauko bargonta, tsoho, mai hoton damisa da ya koɗe, ta lulluɓa mata.

Da Mahfuza ta dawo daga sayayya a Al Rigga ta gani, sai fuskarta ta canza. Ta yaye bargon daga ƙafar uwarta, ta ninke, ta ƙwanƙwasa ƙofar Safi.

"Ga kayanki. Mun gode."

"Hajiya, wankakke ne wallahi. Hannun Inna ne na ji ya yi sanyi."

"Gobe matan ƙungiyarmu za su zo sallama. So kike su tarar da uwata cikin bargon aro, su kai labari Zariya kafin in sauka?"

"To ki ɓoye shi in sun zo, in sun tafi ki mayar mata."

"Khalas, magana ta ƙare, Safi. Kowa ya ji da gidansa."

Akwai wani abu kuma. Mahfuza ba ta tafiya gida sai ta turare kayan sawarta da turaren wuta, ɗaya bayan ɗaya. Hayaƙin ya sha tayar da ƙararrawar gobara da ke maƙale a silin, mai gadin bene ya hau yana faɗa. Sai ta hau kujera ta ɗaure bakin abin da leda. Izzuddeen ya ce ta cire. Ta ce in ta gama. Ta gama, ledar tana nan.

Ranar kai kaya cargo, wajen masu jigilar kaya zuwa gida, mota ta zo da hantsi. Aka kwashi kwalaye, har da na barguna. Cakulan ya zauna, shi a jirgi zai bi su. Mahfuza ta saɓa jaka ta ce, "Inna, zan bi su Port Saeed in ga an loda. Kada a taɓa AC."

Inna ta zauna ita kaɗai, haƙoranta na haɗuwa. Can idonta ya faɗa kan buhun gawayin turare. Tun tana yarinya ta san maganin sanyi. Ta zuba gawayi a kwanon ƙarfe, ta kunna a kan gas yadda ta ga 'yarta na yi. Hayaƙi ya tashi ya lulluɓe kicin. Ƙararrawa ta yi shiru cikin ledarta.

Ta ɗauki kwanon, ta ja ƙafa zuwa ɗan ɗakin ajiya, wuri ɗaya tak da iskar AC ba ta kaiwa. Ta rufe ƙofa, ta cusa zani a ƙasanta, ta miƙa tafin hannu kan garwashi. A Giwa ɗakinta na da kafofi, iska na shiga ta ƙarƙashin kwanon rufi ta fita. Nan ko taga babu. Ɗumi ya ratsa ta, karo na farko tun da sanyi ya shigo. Kanta ya yi nauyi. Ta jingina da bango.

Wajen azahar Safi ta ji warin gawayi a baranda, ba ƙamshin turare a cikinsa. Ta buga ƙofa, shiru. Ta kira Mahfuza. Mahfuza ta ga sunan a waya, ta taɓe baki, ta mayar jaka. A ranta ta ce maganar bargo ce. Safi ta sake kira, ta sake. Daga nan ta sauka da gudu ba takalmi ta taso mai gadi, aka ɓalle ƙofa.

Inna ba ta mutu ba. Likita ya ce iskar gawayin ta daɗe tana shiga jininta, ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya tafi ba lallai ya dawo ba.

Jirgin Disamba ya tashi babu su. Kwalaye suka isa gida lafiya, dangin miji suka yi ta turo saƙo a waya suna yaba laushin barguna. Mahfuza na zaune a bakin gadon asibiti, ta kife wayar a gefe.

Ɗakin asibitin ma sanyi gare shi. Da Inna ta farfaɗo sai ta fara rawar jiki. Ana haka Safi ta shigo da leda a hannu, ta tsaya daga bakin ƙofa, ba ta san ko za a karɓa ba. Mahfuza ta tashi ta karɓa da hannu biyu. Bargon nan ne mai damisa. Ta kasa ɗaga ido, sai Safi ce ta warware shi ta rufa wa tsohuwar.

Inna ta shafa bargon. Ta kama hannun Safi ta riƙe gam.

"Auta, Allah ya yi miki albarka. Na san ba za ki bar ni cikin sanyi ba."

Mahfuza ta durƙusa. "Inna, ga ni nan. Ni ce Auta."

Tsohuwar ta dube ta tsawon lokaci, da irin ladabin da ake yi wa wanda ba a sani ba. Sannan ta juya wajen Safi.

"Kin yi baƙuwa. A ba ta ruwa mana."

Darasi: Tsoho in ya ce yana jin sanyi, sanyi yake ji, ba shawararki yake nema ba. Wadda ta fifita bakin mutane a kan jikin uwarta, mutanen za su karɓi tsaraba su yi gaba, ita ta zauna da abin da ta shuka. Kuma kada a kunna gawayi a rufaffen ɗaki, kada a toshe ƙararrawar gobara saboda turare. Ku tura wa duk mai tsoho a gida, yau, tun sanyin bai yi nisa ba.