Gorar Ruwan da Gafaru Ya Ture

Akwai wani matashi a unguwar Nima da ke Accra mai suna Gafaru, yana gyaran waya a kasuwar Circle. Duk mai fitowa bayan sallar asuba ta hanyar Kawukudi ya san shi, domin shi ne mai riga ruwan ɗorawa da ke wuce mutane a guje kamar ana bin sa. Allah ya ba shi ƙafa, ya ba shi numfashi. Bakinsa ne kawai ba shi da linzami.

Ba da kansa ya koyi gudu ba. Wani dattijo ne a unguwar Maamobi, Baba Dramani, ya tsamo shi daga majalisar samari da suke kira bes, lokacin da Gafaru ya fara bin abokan banza. Baba Dramani ya zo Accra daga arewa tun yana saurayi, ya yi dako a kasuwar Tudu shekara da shekaru, daga baya ya buɗe rumfar takalman gwanjo. Gudu shi ne abin da ya fi so a duniya. Shi ya ba Gafaru takalmin gudunsa na farko, shi yake buga masa ƙofa da asuba, shi ya koya masa yadda ake tattalin ƙarfi a doguwar hanya.

Shekaru suka tafi, Gafaru ya fi malaminsa sauri. Wannan bai dami dattijon ba, har alfahari yake yi da shi a kasuwa. Gafaru ne ya canja. Ya ci ƙananan tsere biyu ko uku, samarin bes suka riƙa ɗaukar sa bidiyo suna watsawa, mutanen da bai sani ba suna kiran sunansa a titi. Daga nan ya fara jin nauyin a gan shi yana gudu tare da mai furfura. In dattijon ya gyara masa wani abu, sai ya ce, "To, Baba," idonsa na kan waya.

Ana haka wata ƙungiyar masu motsa jiki ta shirya tseren da ba a saba gani ba: kilomita tamanin, daga Adenta a bi hanyar Dodowa har zuwa wajen Akosombo. Kuma a watan Maris, lokacin da rana ke dafa Accra kafin ruwa ya sauka.

Su biyun suka ba da sunansu. Matar Baba Dramani, Mma Adiza, ba ta so ba. Ta tuna masa da shekarunsa, ta tuna masa da zazzaɓin da ya kwantar da shi kwanan baya. Ya lallashe ta, ya yi mata alkawari cewa rabin hanya kawai zai je, in ya ga rana ta yi yawa zai tsaya. Ya ce yana so ne ya raka yaron, tunda bai taɓa yin tafiya mai nisa irin wannan ba.

Ranar tseren suka tashi da sassafe, gari da ɗan sanyi. Da farko komai lafiya. Suka bar gidajen Adenta a baya, suka wuce gonakin mangwaro na Dodowa, mata a bakin hanya suna tafa musu. Gafaru yana jin ƙafarsa na neman a sake ta, Baba Dramani kuwa yana ta ce masa ya bi a hankali, hanyar da saura.

Da hantsi ya ɗaga sai al'amari ya sauya. Bishiyoyi suka ragu, fili ya buɗe, babu inuwa ko ta tsuntsu. Kwalta ta ɗauki zafi har mutum yana jin ta ta cikin takalmi. Iskar da ke kaɗawa ma kamar daga bakin murhu take fitowa. Masu gudu suka fara zubewa a gefen hanya, wani yana amai, wani yana riƙe da cinya.

A rabin hanya an kafa rumfa da ruwa da ayaba da ma'aikatan jinya. Samarin bes sun riga su isa a kan babura, wayoyinsu a sama. Baba Dramani ya shiga inuwa, ya zauna a benci, ya cire lambar da ke ƙirjinsa.

"Ni na tsaya nan," in ji shi. "Rana yau ya yi zafi paa. Gafaru, zauna kaɗan jikinka ya huce. Ga wannan, na sa gishiri da sukari, ka shanye sannan ka cika ta ka tafi da ita."

Ya miƙo masa gorarsa.

A daidai lokacin wasu masu gudu biyu suka wuce ba su tsaya ba. Gafaru ya bi su da ido, ya dubi wayoyin da ke kansa, sai ya sa bayan hannu ya ture gorar. Ta faɗi ƙasa ta gangara ƙarƙashin benci.

"Baba, in ƙafa ta gaji ka shiga motar torotoro ka koma Maamobi wajen Mma. Wannan ba tseren tsofaffi ba ne. Kai ka riƙe ni tun safe."

Samarin suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Cale, abokina, ka gama da tsoho!"

Gafaru ya juya ya tafi. Ko kurɓi ɗaya bai yi ba, hularsa ma a kan tebur ya bar ta.

Bai yi nisa sosai ba ya gane kuskurensa. Harshensa ya bushe ya manne da dasashi, kansa ya fara sarawa, hanya tana rawa a idonsa. Allah ya taimake shi ya iske wata mata mai sayar da kwakwa a bakin wani ƙauye. Ta ga halin da yake ciki, ta fasa masa biyu, ta zuba masa ruwan randa a ka, ta ce ya tafi kawai. Da wannan ya kai rumfa ta gaba, ya sha, ya dawo hayyacinsa.

Can motar asibiti ta zo daga baya tana jiniya, ta wuce shi da gudu. Ya matsa gefe ya ba ta hanya. Abin da ya zo masa a rai shi ne wani abokin karawa ya faɗi, an rage masa ɗaya. Har ya ɗan ji daɗi.

Bayan la'asar ya isa ƙarshen hanya, shi ne na uku. Aka rataya masa lambar yabo, samarin suka ɗaga shi sama suna ihu. Ƙafafunsa duk sun yi bororo, amma ransa fes. Ya ce a kira Baba Dramani a gaya masa, ya san dai yanzu yana gida yana shan koko.

Wayar dattijon tana ta ƙara, ba a ɗauka ba.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta zo tana tambayar mai riga ruwan ɗorawa. Najat sunanta, ita ma 'yar Zongo ce, ita ke kula da rumfar rabin hanya. Ta ja shi gefe ta ba shi labari.

Ta ce bayan tafiyarsa dattijon ya daɗe a zaune. Har an samo masa wuri a motar da za ta koma Accra. Sai ya hango hular a kan tebur, ya tambaye ta ko yaron ya ɗauki ruwa. Ta ce bai ɗauka ba. Ya tambayi nisan rumfa ta gaba, ta gaya masa. Ya nemi masu babura, duk sun wuce ƙarshen hanya jiran Gafaru. Motar kuma baya za ta yi, ba gaba ba.

Sai ya sunkuya ya ɗauko gorar daga ƙarƙashin benci, ya cika ta, ya ɗauki hular, ya miƙe.

"Na riƙe hannunsa, na ce Baba kar ka tafi, jikinka ya riga ya ɗauki zafi," in ji Najat. "Ya ce mini yaron bai san wannan rana ba, zai faɗi inda babu kowa."

Wasu masu gudu na baya ne suka sami dattijon kwance a gefen kwalta, gumi ya ɗauke masa, jikinsa kamar garwashi, yana sambatu. Gorar tana hannunsa a cike. Bai sha ba.

Gafaru ya tambaye ta wace mota ce ta ɗauke shi. Ta ce wadda ta wuce da jiniya. Sai ya zauna a ƙasa.

Baba Dramani bai mutu ba. Ya yi kwanaki bai san inda yake ba, sannan ya farfaɗo. Amma likitoci suka ce zafin ya ƙona masa ƙoda, kuma ba su ga alamar za ta dawo ba. Daga yanzu sai wankin ƙoda duk mako. Gudu ya ƙare. Ruwan sha ma sai an auna masa a ƙaramin kofi.

Bidiyon rumfar ya riga ya zaga Nima da Maamobi tun ranar. Waɗanda suka yi dariya su suka fara gogewa daga wayoyinsu, amma Mma Adiza ta riga ta gani. Da Gafaru ya je asibiti ya same ta a baranda, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa. Ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Ya cika mini alkawari, ya tsaya a rabi. Kai ka tashe shi."

Sai da aka sallamo dattijon gida Gafaru ya iya haɗa ido da shi. Ya same shi a tabarma a ƙofar ɗaki, ya rame, ƙafafunsa sun kumbura. Gafaru ya zauna a ƙasa, ya fara ba da haƙuri, kuka ya ci ƙarfinsa.

Baba Dramani ya bar shi har ya yi shiru, sannan ya ce, "Maganar ya yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba. A gaban yara. Amma na yafe tun a benci, kafin in tashi. Ka sha ruwa a hanya?"

Gafaru ya ba shi labarin mai kwakwa.

"Alhamdu lillahi," in ji dattijon. "Abin da nake so in ji ke nan."

Gafaru ya sha faɗa wa abokansa cewa da Baba ya zage shi, ko ya kore shi daga gidan, da ya fi masa sauƙi.

Tun daga lokacin ya raba ranarsa biyu. Da safe ya buɗe rumfar takalma a Tudu ya zauna har Mma Adiza ta iso, sannan ya wuce Circle. Ranar wankin ƙoda shi yake ɗaukar dattijon a babur, ya jira shi, ya dawo da shi. Ya daina zama a bes. Yana gudu har yanzu, domin Baba Dramani ya hana shi bari, amma shi kaɗai yake yi, kuma bai sake yarda an ɗauke shi bidiyo ba. Mutanen unguwa suna yaba masa. Shi ya san duk hidimar da zai yi ba za ta mayar wa mutumin nan lafiyarsa ba.

Wata safiya suna kan hanyar asibiti, danja ta tsayar da su a mahaɗar Kawukudi. Wasu samari suka zo wucewa a guje, suna hira suna dariya. Gafaru ya ji hannun dattijon ya matse masa kafaɗa. Ya duba madubi, ya ga Baba Dramani ya juya kai yana bin su da kallo har suka sha kwana.

"Wancan na baya ya ɗaga kafaɗa da yawa," in ji dattijon a hankali. "Zai gaji da wuri. Da ina kusa da na gaya masa."

Danja ta ba da hannu, motocin baya suka fara hon. Gafaru ya goge idonsa da hannun riga, ya ja babur suka tafi.

Darasi: Kada tafin mutane ya sa ka wulaƙanta wanda ya ɗora ka a hanya. Mai gaya maka ka bi a hankali ba baƙin ciki yake maka ba, sau da yawa shi ne zai taso ya bi ka cikin rana lokacin da masu dariya suka watse. Ana iya yafe maka magana, amma abin da ta jawo ya zauna har ƙarshen rayuwa. In akwai wani dattijo ko malami da ka yi wa girman kai, ka neme shi yau tun yana da lafiyarsa. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, wataƙila ya sa wani ya riƙe bakinsa kafin ya yi nadama.