Mai Kira Sau Uku

An yi wani mutum a wani gari, ba sai na faɗi sunan garin ba. Sunansa Mamuda, wani bawan Allah ne wanda ko a sahun salla ba ka lura da shi. Yana aiki a wani kamfani mai ba 'yan kasuwa hayar manhaja. Kun san irinta: mai kanti ko mai kemis ya rubuta bayanansa a waya, amma ba a wayar suke zaune ba. Suna can wani ɗaki mai sanyi cike da na'urori, a ƙasar da bai taɓa zuwa ba. Shi ne 'yan boko ke kira gajimare. Duk wata ka biya, a bar maka ajiyarka. Ka daina biya, a jira kwana arba'in, a goge.

To, gogewar nan ita ce aikin Mamuda. Kuma yana da ɗabi'u biyu da abokan aikinsa ke masa dariya a kansu. Ba ya buɗe ajiyar kowa ya leƙa, ko da kuwa yana iya. Sannan ba ya goge ta mutum sai ya kira shi sau uku a waya, ya yi sallama, ya gaya masa da baki.

Manaja ya sha ce masa, "Mamuda, na'ura tana tura musu saƙo. Kai me ya dame ka?"

Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, saƙo ba ya jin muryar mutum."

Ku saurara. Wata Laraba sai ga wata ajiya ta cika kwana talatin da tara ba a biya ba. Sunan mai ita Baba Sa'adu. Mamuda ya kira da hantsi, waya a kashe. Ya kira bayan azahar, a kashe. Da la'asar sakaliya, rana tana nan fes a kan taga, ya yi kira na uku. Sai aka ɗauka.

Ba a amsa sallama da wuri ba. Abin da ya fara ji shi ne ƙarar diga tana cin ƙasa, a hankali, a hankali. Can sai muryar wani tsoho ta ce, "Wa alaikumus salam, ɗana."

"Baba, daga kamfani ne. Gobe da sha biyun rana za a goge ajiyarka."

Tsohon ya ce, "Kada ka goge mu. Muna da yawa."

Layi ya yanke. Tsohon bai ce kada ka goge ni ba, jama'a, cewa ya yi mu.

Da safe ya roƙi manaja a ƙara kwana ɗaya. Manaja ya ce, "Sha biyu na yi, in ba ka goge ba, ka ajiye mana katin aikinmu. Na gaji da tausayin nan naka." Mamuda na da mata da 'ya'ya huɗu, ba shi da wata sana'a. Ya san da ya leƙa ajiyar sau ɗaya da ya huta da zullumi. Amma ba tasa ba ce. Sai ya kwafi adireshin da ke jikin rajista, ya hau babur.

Adireshin ya kai shi bayan gari, ya tsaya a bakin wata doguwar katanga. Maƙabarta ce.

A ciki ya tarar da mahaƙa uku tsaye da diga suna gardama. Za a kawo gawa ƙarfe biyu, kuma damina ta shafe tudun kaburbura, ta kwashe alamomi. Babbansu, Malam Jatau, yana cewa nan fili ne, wani yana cewa a'a. Mamuda ya yi sallama ya ce Baba Sa'adu yake nema.

Malam Jatau ya dube shi sama da ƙasa, ya nuna wani tudu da haɓa. "Ga shi can. Gobe ake sadakar arba'in ɗinsa."

"Jiya fa na yi magana da shi."

Ba wanda ya yi dariya. Aka aika gida aka kira 'yar Baba Sa'adu, Ladidi. Ta zo da wayar mahaifinta a ƙulle cikin tsumma, ta ce, "Malam, tun ranar da ya rasu take cikin akwatina. Ko caji babu." Ta ce shekara talatin mahaifinta yana kula da maƙabartar nan. Da ƙwaƙwalwarsa ta fara rauni sai ya kama hayar manhajar, yana rubuta kowane mamaci da layinsa da ranarsa. Da ya tafi, ba wanda ya san yadda ake shiga.

Ni ban ce muku matacce ya ɗauki waya ba. Ban ce ba. Allah ne masanin wanda ya ɗauka. Abin da aka ba ni shi nake ba ku.

Mamuda ya ce wa Ladidi, "Baiwar Allah, ke ce magajiya. Kin yarda in buɗe?" Ta ce ta yarda. Ya buɗe a wayarsa, sunaye suka zubo, dubu huɗu da ɗoriya. Suka nemo layin da ake gardama. Inda Malam Jatau ya kafa digarsa, wata mata ce kwance, wata biyar kacal da binne ta. Dattijon nan ya saki diga ya durƙusa yana salati.

Saura minti ashirin sha biyu ta cika. Mamuda ya ciro kuɗin cefanen gidansa ya biya wata guda. Da ya koma, manaja ya yi faɗa har ya gaji, amma ba abin gogewa tunda an biya. Haka ya ci gaba da biya duk wata, shekara shida, ko matarsa bai gaya wa ba. Ya koya wa mahaƙan yadda ake rubutawa. Shi kuwa bai sake buɗe ajiyar ba.

Sai ajalinsa ya zo. Maƙabarta ta cika maƙil, aka rasa inda za a sa shi. Malam Jatau, lokacin ya tsufa tukuf, ya ce a duba rubutu. Aka bi layi-layi. Kusa da kabarin Baba Sa'adu aka ga gurbi guda babu suna, wanda duk shekarun nan idon kowa bai taɓa sauka a kansa ba. A gabansa an rubuta: "A bar wa mai kira sau uku." Aka duba ranar rubutun. Larabar nan ce da Mamuda ya yi kira na uku, da la'asar.

Can aka sa shi.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Amana ba sai ta wanda ka sani ba, ba sai ta mai iya zuwa ya kama ka ba. Mamuda bai san abin da ke cikin ajiyar nan ba, ya tsare ta, ya ƙi leƙa ta, ya ƙi zubar da ita. Kai da ke zaune nan, wayar wa aka ba ka gyara ka bi hotunan ciki? Kayan wa ke shagonka kana jira ya makara ka sayar? Ke kuma, sirrin wa aka ajiye a bakinki? Ku sani mu ma ana rubuta namu a wani wuri da ba ma gani, ba a biyan kuɗin wata, kuma ba ranar gogewa. Kafin ka yanke wa ɗan'uwanka hukunci, ka kira shi. Ka sake kira. Ka kira na uku.

Allah Ya sa a samu wanda zai tsaya mana ranar da ba mu da bakin magana. Ku ce amin.